Yadda Ake Zaɓar Inshorar Kuskuren Sana'a ga Ƙaramin Ofis

Yawancin masu ƙananan ofisoshi da nake yi wa aikin lissafi a Katsina, daga safiyo zuwa mai zanen gini da mai ɗakin gwajin jini, ba sa tunawa da wannan inshora sai ranar da sharuɗɗan neman kwangila suka tilasta musu. Sai su saya a gurguje, su jefa takardar cikin durowa ba tare da sun karanta ko shafi guda ba.

Da farko, ka tabbatar da abin da kake saye. Inshorar gobara kayanka take karewa, wadda ke biyan mutumin da ya zame ya karye a ofishinka ma daban take. Inshorar kuskuren sana'a kuwa diyya da kuɗin lauya take ɗauka idan wanda ka yi wa aiki ya yi da'awar cewa sakacinka ko gurguwar shawararka ta jawo masa asara, amma ba ruwanta da zamba ko ɓarnar da aka yi da gangan.

Sannan ka duba wanda za ka ba kuɗinka. Kamfanin ya kasance mai lasisin hukumar kula da inshora ta ƙasa, wato NAICOM, dillalin kuma mai rajista da majalisar dillalan inshora ta NCRIB. A ganina bi ta hannun dillali ya fi, domin kamfanin ne ke biyansa la'ada, kuma zai kawo maka farashin kamfanoni uku ka kwatanta. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba, akwai takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, wanda NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013. Sai ya tuntuɓi irin su Jaiz Takaful ko Noor Takaful ya ji ko suna da wannan nau'in.

Mataki na uku shi ne inda na ga mutane sun fi faɗuwa, wato maganar kwanan wata. Galibin irin wannan inshora ba ranar da ka yi kuskuren kaɗai take dubawa ba, ranar da aka kawo ƙorafin take dubawa, kuma dole ne ya iske yarjejeniyar tana aiki. Akwai kuma wata rana da ake rubutawa a jadawalin takardar, wadda duk aikin da ka yi kafin ita ba ya cikin kariya. Ka sa dillali ya ɗora maka yatsa a kanta.

Wani safiyo da na sani ya auna fili a bayan Ƙofar Ƙaura, ya kafa duwatsun iyaka, aka biya shi. Sai bayan shekara biyu, mai filin ya riga ya kai gini linta, maƙwabci ya zo da takardunsa aka gano katanga ta shiga filinsa. Safiyon ya zaro takardarsa daga fayil hankali kwance, domin lokacin da ya yi awon yana da inshora. Ashe a tsakani ya bar ta ta mutu na wata uku saboda kasuwa ta yi sanyi, da ya koma wani kamfani mai rahusa kuma aka rubuta masa ranar sabon sayen a matsayin farkon kariya. Tsohon kamfani ya ce wa'adinsa ya ƙare kafin ƙorafi ya zo, sabon ya ce aikin ya girmi yarjejeniyarsa. Daga aljihunsa aka rushe katangar aka sake ta. Saboda haka kada ka bar ko kwana ɗaya tsakanin ƙarewa da sabuntawa, in za ka sauya kamfani kuma ka dage a ɗauko maka tsohuwar ranar a rubuce, ko da zai ƙara maka kuɗi.

Bayan wannan sai adadin kariya. Kada ka auna shi da ladan aikinka, ka auna shi da asarar da kuskurenka zai iya jawowa, domin zanen da aka biya ka naira 300,000 na iya lalata ginin miliyan 40. Ka tambaya ko adadin na kowane ƙorafi ne ko na shekara baki ɗaya, ko kuɗin lauya daga cikinsa ake cirewa, da kuma nawa ne kason da kai za ka fara biya kafin kamfani ya sa hannu.

Wajen cike fom ka lissafa duk ayyukan da kake yi da duk wata taƙaddama da ka san tana tafe, domin ɓoye ta na iya soke yarjejeniyar. Ka biya kuɗin cif ka karɓi rasit, tunda ƙa'idar dokar inshora ita ce babu biya, babu kariya. Ranar da ƙorafi ya zo kuma, ko da a saƙon WhatsApp ne, ka sanar da kamfanin a rubuce, kuma kada ka amsa laifi ko ka yi alkawarin biya a zaman sulhun dattawan unguwa kafin kamfanin ya ba ka izini.