Yadda Ake Zaɓen Karen Farauta Mai Aiki a Kurmi

Yawancin masu fara farauta, da ido suke sayen kare. Su ga dogo, siriri, mai ɗamammen ciki, wanda in aka sake shi a fili ko babur sai ya yi da gaske, shi ke nan sun zaro kuɗi. Ranar da aka shiga da shi dajin doka da maje, inda gamba ta fi mutum tsayi kuma sarƙaƙiya ta toshe ko'ina, sai kare ya tsaya yana waige-waige, nama ya wuce ta gefensa bai sani ba. Karen ba shi da laifi. An kai shi wurin da ba nasa ba ne.

Mataki na farko: ka san dajinka da namanka

Kafin ka je ganin kowane kwikwiyo, ka tsayar da abin da za ka riƙa bi. Zomo da barewa naman fili ne, gudu ke kama su. Gyauji, gafiya, gada, mazo, zabo da makwarwa kuwa ɓuya suke yi, sai an tono su daga cikin duhuwa. Idan farautarka ta bakin rafi ce da kurmi, irin dazuzzukan kudancin Kaduna, Neja ko Taraba, to hanci kake nema, ba ƙafa ba. Kuma ka sani Yankari, Kamuku da Gashaka-Gumti gandun daji ne na gwamnati, doka ta hana farauta a cikinsu. Ka tambayi Sarkin Bakan yankinku, wato shugaban mafarauta, inda aka yarda a shiga.

Mataki na biyu: rarrabe iri

Karnukan farauta kashi biyu ne: masu bi da ido da masu bi da hanci. Karen Azawak, wanda Buzayen Nijar da Mali ke kiwo, shi ne sarkin masu ido. Tsayinsa kan kai santimita 60 zuwa 74, fatarsa siririya, gashinsa kamar an aske. A filin Tawa babu kamarsa wajen korar zomo. A kurmi kuwa ƙaya ce za ta tsaga masa jiki, kuma da zarar nama ya shige ciyawa ya ɓace masa.

Basenji karen dajin Kwango ne, tsayinsa kusan santimita 40 zuwa 43, nauyinsa kilo 10 zuwa 11. Jikinsa daidai da kurmi, yana da hanci da ido duka. Matsalarsa ɗaya, ba ya haushi irin na sauran karnuka, shi ya sa mafarautan can suke ɗaura masa ƙararrawar itace a wuya idan zai koro musu nama zuwa raga.

Beagle na Ingila ne, an fitar da shi don bin sawun zomo, kuma muryarsa na tafiya nesa. Amma yana da tsada, kunnuwansa dogaye masu faɗowa suna kwasar ƙarangiya da kaska, kuma in hancinsa ya kama sawu, kira ba ya dawo da shi da sauƙi. Manyan karnukan gadi irin su German Shepherd da Boerboel kada ma ka yi maganarsu. Na farko gashinsa ya yi yawa ga zafinmu, na biyu nauyinsa ba zai bar shi ya wuni a daji ba.

Ni dai hukuncina shi ne: ka nemi karen gida daga zuriyar mafarauta. Matsakaici, mai gajeren gashi da tsayayyun kunnuwa, wanda uwarsa da kakarsa suka yi aiki a irin dajin da za ka shiga. Ya saba da rana, ya saba da tuwo da ƙashi, kuma kuɗin kwikwiyon waje guda zai saya maka shi ya ciyar da shi tsawon lokaci.

Mataki na uku: murya da dawowa

A nan ne na fi ganin mutane suna faɗuwa, don haka ka natsu. A kurmi ba ka ganin karenka. Taku ashirin kawai, ya shige. Duk abin da za ka sani game da shi ta kunne za ka san shi. Kare nagari yana shiru yayin da yake nema, hanci a ƙasa, wutsiya na kaɗawa. Idan ya ci karo da sabon sawu sai ya fara haushi a yanke-yanke yana tafiya, kana jin inda ya nufa. Idan ya ritsa nama a rami ko a gindin sarƙaƙiya, sai muryar ta sauya, ta tsaya wuri ɗaya, ta yi ta bugawa babu tsayawa har ka iso. Wannan sauyin murya shi ne abin da kake saye.

Iri biyu ne za su ɓata maka rai. Akwai mai surutu, wanda daga bakin daji ya fara haushi, ƙadangare ma sai ya yi masa. Kafin ku shiga, duk naman wurin ya watse. Akwai kuma bebe, mai kora shiru. Shi ne mafi haɗari, domin zai iya ritsa beguwa ko gadu can nesa, su ji masa rauni, kai kana nan kana busa ƙaho ba ka san ta ina za ka bi ba. Bebe ana iya gyara shi da ƙararrawa. Mai surutu da wuya ya daina.

Ba za ka gane wannan a jikin kwikwiyo ɗan wata biyu ba. Saboda haka ka roƙi mai kare ya bar ka ka bi shi farauta ka saurari uwar tana aiki. Idan ya ƙi, ka haƙura da cinikin. Ka lura kuma ko tana waiwayowa ta duba ubangidanta lokaci-lokaci, ko kuwa in ta tafi sai yamma. Karen da ba ya dawowa da kansa, wata rana tarkon waya ne zai riƙe shi a inda ba za a same shi ba.

Mataki na huɗu: duba jiki da launi

Ɗaga ƙafarsa ka taɓa tafin: ya zama mai kauri, yatsu a haɗe. Ƙirji mai zurfi, ido garau, dasashi ja ba fari ba. Kwikwiyo mai kumburarren ciki da busasshen gashi tsutsa ke cin sa.

Launi ba ado ba ne. Jan kare tsantsa idan ya gifta cikin busasshiyar ciyawa da magariba, kamarsa ɗaya da gada, kuma akwai mai adaka a bayanka da hannunsa ke rawa. Ka zaɓi fari ko mai dabbare-dabbare, musamman mai farin bakin wutsiya. In ja kaɗai ka samu, ɗaura masa ƙyalle mai haske a wuya.

Gwaji ɗaya mai sauƙi: ja fatar gafiya a ƙasa ka kewaya bayan rumbu da ita, ka ɓoye, sannan a saki 'yan kwikwiyon. Wanda ya sunkuyar da kai ya bi layin, shi ne naka. Wanda ya bi ƙafarka yana wasa, bar wa yara. Tafa hannu da ƙarfi ma. In ya firgita ya dawo ya duba, lafiya, in ya shige ƙarƙashin gado ya ƙi fitowa, ƙarar bindiga za ta kore shi. Ni na fi son karya, ta fi mai da hankali, ba ta barin aiki ta bi wata.

Mataki na biyar: bayan ka kawo shi

Kada ka raba shi da uwarsa kafin sati takwas. Maganin tsutsa, allurar ciwon gudawar jini ta 'yan kwikwiyo, sannan ta haukan kare idan ya kai wata uku, a riƙa maimaitawa duk shekara; cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom kusa da Jos tana yin wannan rigakafin. Bakin rafi akwai ƙudan tsando mai kawo ciwon sammore, kuma sammore na kashe kare: in ka ga zazzaɓi, rama, ko ido ya fara yin fari, garzaya wurin likitan dabbobi. Cire masa kaska duk dawowa, a duba cikin kunne da tsakanin yatsu.

Daga wata shida ka riƙa haɗa shi da tsohon kare gwani, a gajeren zango. Ka koya masa tun wuri ya riƙe nama kada ya ci, kuma ka yi bisimilla lokacin sakin sa, kamar yadda aya ta 4 ta Suratul Ma'ida da hadisin Adiyyu bin Hatim suka nuna. Kada ka kai shi gaban gadu ko beguwa sai ya cika shekara.