Ga masu fara zane da fentin ruwa

Don Allah ku bar takardar fotokofi. Da ta sha ruwa sai ta kumbura ta nannaɗe, haka na yi asarar zanena na farko na faɗuwar rana. Ku nemi takardar fentin ruwa mai kauri, mai nauyin 300gsm, ku manne gefunanta a jikin katako da salatif na takarda.

Ku fara da launi mai haske, mai duhu ya biyo baya. Inda kuke son fari, ku bar takardar haka nan. Lokacin hunturu fenti na bushewa tun ba a kai ƙarshen layi ba, sai ku jiƙa wurin da ruwa zalla tukuna.

Ni nakan gwada haɗin launuka a manhajar zane ta ibisPaint a waya kafin na buɗe fenti, saboda takardar akwai tsada.