Darasi: Hoton Ciki na Wata Biyar

A Garwa, Marwa da Ngaundere, a arewacin Kamaru, mata sun fi kiran hoton ciki da eko. Na'urar tana aika sauti cikin mahaifa, sautin ya dawo, ta mayar da shi hoto a allo. Babu allura, babu yanka, kuma ba irin hasken da ake ɗaukar hoton karaya da shi ba ne.

Eko na wata biyar shi ne wanda ake duba jariri gaɓa bayan gaɓa. Lokacinsa tsakanin mako 20 ne zuwa 24, an fi son mako na 22. Kafin nan gaɓoɓin sun yi ƙanana. Idan kuma ciki ya tsufa, ƙashi ya yi ƙwari, wuri ya matse, hoton ba ya fita sosai. Ana fara ƙidayar makonni daga ranar farko ta jinin al'adarki na ƙarshe. Idan kin manta ranar, ki tuno da abin da ya faru kusa da ita, ko Sallah ko biki ko girbi, ki gaya wa mai awo.

Ki ci abincinki, ba a yin azumi dominsa. Ki sa riga da zani, sun fi doguwar riga sauƙin buɗewa. Ki riƙo karnen awo, wato katin awonki, da duk takardar eko ta baya. Mai Chèque Santé, shirin rage wa masu ciki kuɗin asibiti da aka fara a jihohin arewa uku na Kamaru a 2015, ta tambaya tun a wurin awo inda za a yi mata nata.

Za ki kwanta rigingine, a shafa miki wani abu mai sanyi da yauƙi kamar kuɓewa, sannan a riƙa goga kan na'urar a cikinki, wani lokaci da ɗan dannawa. Aikin yakan ɗauki minti 30 zuwa 45. Likita zai yi shiru na tsawon lokaci. Kada gabanki ya faɗi, awo yake yi.

Zai duba ƙwaƙwalwa, leɓen sama ko a tsage yake, ƙashin baya ko ya rufe, tumbi, ƙoda biyu, mafitsara, hannuwa da ƙafafu. A zuciya ya fi daɗewa, domin ɗakunanta huɗu ne kuma ba ta tsayawa a ƙare mata kallo. Bugunta yakan kasance 110 zuwa 160 a minti. Igiyar cibiya jijiyoyi uku gare ta. Sai yawan ruwan da jariri ke ciki, da inda mabiyiya ta zauna.

Zancen mabiyiya ya fi zancen namiji ko mace muhimmanci, ko da yake na biyun ne maigida yakan fara tambaya. Idan ta zauna ƙasa kusa da bakin mahaifa, za a ce ki dawo wajen mako 32. Yawanci mahaifa na girma sai ta ja ta sama. Idan har ta rufe ƙofa, haihuwar gida haɗari ce babba saboda zubar jini, sai an yi aiki a asibiti. Duk jinin da kika gani kafin ranar komawa, ko ba ciwo, ki tafi nan take.

Jariri yakan juya baya ko ya haɗe cinyoyi. Ƙiba ko ƙari a mahaifa ma kan rage hasken hoto. Sai a ce ki ɗan taka ki dawo, ko a sa miki wata rana. Kuma eko ba ya ganin komai: ba ya nuna sikila ko kurumta, ƙananan ramukan zuciya kuma sukan ɓuya. Shi ya sa ba ya maye gurbin awo.

Takardar da Faransanci take zuwa. Ɗauko taki ki nemo waɗannan haruffa: SA, makonnin ciki, BIP, faɗin kai, PC, kewayen kai, PA, kewayen ciki, LF, tsawon ƙashin cinya, DPA, ranar da ake sa ran haihuwa. A mako 22 nauyin jariri ya kusa rabin kilo. DPA ƙiyasi ne, naƙuda na iya zuwa mako biyu kafinta ko 'yan kwanaki bayanta. Kwafi lambar da ke gaban SA da DPA a littafinki, ki karanta wa ta kusa da ke.