Fenti Ko Sabon Kwano? Kurakuran Da Aka Fi Yi Wajen Yanke Shawara Kan Rufin Gida

A kowace shekara, da zarar hadarin farko ya haɗo daga gabas a ƙarshen watan Mayu ko farkon Yuni, sai ka ga magidanta a Kano da Zariya da Katsina sun shiga neman kafinta, wasu kuma suna tsaye a shagunan kayan gini suna tambayar kuɗin bandir ɗin kwano. Abin da ke ran kowa guda ne: shin rufin nan zai ƙara shekaru idan aka kankare shi aka shafa masa fenti, ko kuwa lokaci ya yi da za a yaye shi a sa sabo? Amsar ba ta da wuya ga wanda ya duba rufin yadda ya kamata, amma da yawa daga cikinmu daga tsakar gida muke yanke hukunci, muna ɗaga kai muna kallon launin kwanon, kuma daga nan ne yawancin asarar take farawa.

Launi yana yaudara ta fuska biyu. Kwanon da muka saba da shi siririn ƙarfe ne da aka lulluɓe da sinadarin zinki domin ya tare masa tsatsa, kuma wannan lulluɓi yana cinyewa a hankali da ruwa da ƙura. Da farko kwanon zai dusashe ya koma ruwan toka, daga baya jan tsatsa ya fara fitowa nan da can. Rufin da ya yi jajawur yana iya kasancewa tsatsar a fuska kawai ta tsaya, ƙarfen da ke ƙasa yana nan da ƙwarinsa, kuma irin wannan rufi shi ne wanda fenti yake yi wa amfani ƙwarai. A gefe guda, akwai rufin da ke da kyan gani daga nesa alhali ya riga ya ruɓe a mahaɗa, wato inda falle ya hau kan falle, domin a nan ne ƙura ke taruwa ta riƙe laima ta yi kwanaki ba ta bushe ba. Gwajin mai sauƙi ne. A sa kafinta ya goge wurin da ya fi muni da burushin waya. Idan ƙarfe mai haske ya bayyana, kuma aka danna da babban yatsa bai lotsa ba, akwai sauran rai. Idan kuwa tsatsar tana ɓanɓarowa ɓawo-ɓawo, ƙarfen da ke ƙasa ya yi rami-rami kamar fuskar dutsen niƙa, to fenti ba zai mayar da abin da ya riga ya cinye ba.

Kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne rashin shiga cikin silin. A ganina, duk wanda bai leƙa ƙarƙashin rufinsa ba bai cancanci ya ce a yi fenti ko a sauya kwano ba, ko da kuwa shi ya gina gidan. A shiga da tsakar rana, a tsaya a kan katako mai kauri, ba a kan silin ba, a kashe tocila a jira ido ya saba da duhu. Kowace ƙaramar huda za ta fito kamar tauraro. Idan taurarin sun bi layin ƙusoshi ne kawai, matsalar ta ƙusa ce, kuma gyaranta bai kai ya kawo ba. Idan kuwa sun watsu a tsakiyar falle kamar an watsa gero, wannan falle ya gama aiki. Sannan a kunna tocilar a bi katakan ɗaya bayan ɗaya da sukundireba ana cakawa, musamman inda katako ya hau kan bango da kuma ƙarƙashin duk wurin da ya taɓa yoyo.

Na taɓa yin wannan a gidan wani ɗan'uwana bayan iska ta ɗauke masa ɓarin rufin ɗaki biyu. Watanni kaɗan kafin nan ya biya an yi wa rufin fenti, kuma wanda ya yi aikin bai taɓa tambayar halin da katakan suke ciki ba, shi ma mai gidan bai kawo abin a ransa ba. Da na caka sukundireba a jikin wani katakon tu-bai-fo da ya rage, sai ta nutse har rabi ba tare da na sa ƙarfi ba, ƙasa da garin itace suka zubo mini a hannu. Gara ta cinye cikinsa tas, ta bar ɓawon waje kamar ba abin da ya same shi, ga hanyarta ta jar ƙasa ta biyo bango tun daga ƙasa ba wanda ya lura. Fallayen da iskar ta jefa bayan gida kuwa suna nan da sabon fentinsu yana ƙyalli, ƙusoshin suna maƙale a jiki, domin babu abin da suke riƙe da shi tun tuni. Kwanon nan lafiyarsa ƙalau, katako ne ya mutu, kuma da an gano haka tun da wuri da sai a sauke fallayen a hankali, a sauya katakan, a mayar da kwanon, a kashe abin da bai kai rabin kuɗin da aka kashe daga baya ba.

Akwai kuma masu yin kuskure ta ɗaya ɓangaren, waɗanda da sun ga tabo a silin sai su ce rufi ya tsufa, a yaye. Ruwa ba ya tsami banza, gaskiya ne, amma inda yake ɗiga ba lallai nan ne inda ya shigo ba, don yakan bi jikin katako ya yi tafiya mai nisa kafin ya sauka. Zafin bazara a ƙasarmu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40 a inuwa, yana sa kwano ya buɗe da rana ya tsuke da dare, kuma wannan motsi na kullum shi ke sassauta ƙusa ya faɗaɗa hudarta, robar da ke ƙarƙashin hular ƙusar kuma ta bushe ta tsattsage. Sau da yawa maganin yoyon bai wuce a zare tsofaffin ƙusoshi a sa masu kauri ko sukurori masu sabuwar roba ba, a kan kunyar kwanon, ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba. A gidajen zamani masu farafet, inda aka ɓoye kwano a bayan bango, magudanar kankare da ke zagaye da rufin ita ce ta fi jawo ɓarna. Ƙurar hunturu da ganyen darbejiya da leda sukan toshe bakin bututu, ruwan farko ya taru ya tumbatsa ya koma ƙarƙashin kwano. Mutum zai iya sauya rufin gaba ɗaya, damina ta zo yoyon yana nan inda yake, domin ba a taɓa magudanar ba. Kafin a zargi kwano, a sa mutum ɗaya a sama da tiyo yana zuba ruwa daga ƙasan rufin zuwa samansa, wuri bayan wuri, wani kuma yana cikin silin yana kallo. Kada a manta da bututun tankin ruwa idan ya bi ta can.

Idan an tabbatar fenti ne ya dace, yadda ake yin sa ma yakan ɓata shi. Mafi yawan aikin a kankara da wanki yake, kuma shi ne ɓangaren da ake tsallakewa saboda wahalarsa da kuma cewa mai gida ba ya gani daga ƙasa. Fentin da aka shafa a kan ƙura ko tsatsa mai ɓawo ba da jimawa ba zai kumbura ya saɓule. Tsarin da ya dace shi ne a fara gyara ƙusoshi da sauya fallayen da suka huje, a goge tsatsa, a wanke, a bar shi ya bushe sarai, a shafa fentin ƙasa mai hana tsatsa a wuraren da ƙarfe ya fito, sannan a bi da fentin rufi sau biyu. Fentin mai na bango ko na ƙofa ba ya kama zinki da kyau, don haka a nemi wanda aka yi domin kwano. A yi aikin da safe ko da yamma, domin kwanon tsakar rana yakan busar da fenti kafin ya kama. Launi mai haske ya fi, saboda yana mayar da zafin rana, ɗaki ya yi sauƙin zama. Game da kwalta da wasu ke malala wa a kan kwano, ban ga hikimar hakan ba sai a matsayin toshin gaggawa: baƙinta yana jan zafi, tana tsagewa bayan rani ɗaya ko biyu, ruwa ya shige ƙarƙashinta ya ci ƙarfe a ɓoye. Gidan da ake tarar ruwan sama domin sha ko girki kuwa ya kamata ya nisanci kwalta, ya kuma tambayi irin fentin da za a sa masa.

Wanda ya yanke shawarar sauyawa shi ma yana da nasa ramukan. Babba a ciki shi ne sayen kwano da farashin bandir kawai. Bandir yawanci falle 20 ne, amma kauri ya bambanta ƙwarai, kuma akwai wanda za ka iya lanƙwasa shi da yatsu biyu. A dogon kwanon alminiyam an fi jin kaurin milimita 0.45 da 0.55, sai dai abin da aka rubuta a rasit ba kullum yake daidai da abin da aka sauke a ƙofar gida ba, shi ya sa yake da kyau a auna da ma'aunin kauri a gaban mai sayarwa. Araha ba ta ado, tsohon kwano mai kauri da aka gyara yakan fi sabo mai laushi daɗewa. Sannan kada a ɗora sabon kwano a kan katakon da ba a bincika ba, kada kuma a sa sabon katako ba tare da an shafe shi da maganin gara ba. A ɗaure katakan da bango da langalanga ko rodi, domin iskar farkon damina daga ƙasa take cicciɓar rufi. Idan tsohon rufin a kwance yake ba shi da gangara sosai, wannan ita ce damar gyarawa, kuma inda falle ya hau kan falle a tsaye kada ya gaza santimita 15. Alminiyam ba ya jan tsatsa, amma idan ya haɗu da baƙin ƙarfe a wuri mai laima yana cinyewa, saboda haka ba kowace ƙusa ce ta dace da shi ba.

Rufin dekin lamarinsa daban ne, kuma a nan ne aka fi maimaita aiki ɗaya shekara bayan shekara. Ana malala kwalta ko a shimfiɗa sabon fel, wato shimfiɗar kwalta mai hana ruwa shiga, a kan tsohon da ya kumbura, alhali ainihin ciwon shi ne ruwa yana kwanciya saboda babu gangara zuwa bakin indararo. Sai an cire tsohon, an toshe tsaga, an gyara gangarar da siminti, an bar kankaren ya bushe, sannan sabon shafi zai zauna. Idan kuwa aka ga kankare yana ɓallowa daga ƙasa, rodi ya fito da tsatsa, maganar ta wuce ta mai kwalta. Rodin da ya yi tsatsa yana kumbura ya fasa kankaren da ke riƙe da shi, kuma injiniya ne kaɗai ya kamata ya ce ko za a ci gaba da kwana a ƙarƙashinsa.

Soron ƙasa kuwa dama da gyaran shekara-shekara aka san shi, kuma magina na da suna da kayan shafe masu kare ƙasa daga ruwa, wato makuba daga ɓawon ɗorawa, da laso da ake haɗawa da katsi na marina da gashin jima da dafara. Kuskuren yau shi ne a dafe soro da siminti a ɗauka an huta. Siminti da ƙasa ba sa tafiya tare, da ya tsage ruwa zai shiga ya rasa hanyar fita, ƙasar ta jiƙe ta yi nauyi a kan azara. Kafin a ƙara yaɓe a duba bakin azarar inda ta shiga bango, domin ko giginya, duk da juriyarta ga gara, tana ruɓewa idan ta daɗe cikin laima. Tsofaffin gidaje masu rufin asbestos kuma kada a kankare su da burushi, kada a farfasa su, saboda ƙurarsu tana haddasa mummunan ciwon huhu da kansa bayan shekaru masu yawa.

A wajen lissafi, mutane sukan gwada kuɗin fenti da kuɗin sabon rufi su ga tazarar, sai su zaɓi fenti. Abin da ya fi dacewa shi ne a raba kowane kuɗi da shekarun da ake sa ran zai ɗauka, a kuma sa kuɗin silin POP da wayoyin lantarki da yoyo zai iya lalatawa. Ra'ayina shi ne, idan fallayen da suka huje sun kai kashi ɗaya cikin uku, ko katakan sun taɓu a wurare da yawa, faci ya zama ɓarnar kuɗi. Wanda aljihunsa bai kai ba yana iya sauya ɓari guda bana, ya fara da wanda ya fi fuskantar iska da ruwa, ya bar ɗayan zuwa baɗi. Mai shirin sa sola kuma ya gama da maganar rufi tukuna, domin farantan sola sukan haura shekara 20 suna aiki, kuma sauke su daga baya don a sauya kwano biya biyu ne.

Duk wannan bincike a rani ake yin sa. Watan Fabrairu zuwa Maris ya fi dacewa, lokacin da ƙurar hunturu ta fara lafawa, katako a bushe yake, kafintoci ba su shiga rububin damina ba, kuma idan aka buɗe rufi aka tarar da abin da ba a zata ba, akwai sauran makonni da za a nemo kuɗi a rufe ɗakin kafin ruwa ya sauka.