Darasi na Tara: Farin da Ke Ɓacewa Idan Ya Jiƙe

Duk wanda ya saba sayen masa a Bauchi ya san abin. Takardar da aka ƙunshe ta fara ce, amma wurin da mai ya taɓa sai ya yi shara-shara, har ana hango rubutun da ke bayanta. Haka farar riga take yi idan ruwan sama ya kama mutum a hanya.

Ga dalili. Takarda da auduga zare ne a kan zare, tsakaninsu kuwa ƙananan ramuka ne cike da iska. Haske yakan shiga zare, ya faɗa iska, ya karkace, ya watse ko'ina. Wannan watsewar ita ido ke gani fari. Da ruwa ya kori iskar ya cike ramukan, sai haske ya wuce kusan kai tsaye. Masana sun auna yadda kowane abu ke karkatar da haske: iska 1, ruwa 1.33, zaren auduga wajen 1.5. Man gyaɗa ya fi ruwa kusa da auduga, shi ya sa tabonsa ya fi fitowa.

A duwatsun Japan akwai wani fure, Diphylleia grayi, fari fat lokacin da yake bushe. Ruwa na zuba sai ya koma kamar gilashi, jijiyoyinsa kaɗai ake gani. Irin wannan dabarar ake kwaikwaya a yi leda mai laushi da fenti masu ƙananan ramuka. Akwai laimar da ake shafa wa farin fentin a kan zane mai launi, zanen ba ya bayyana sai an yi ruwa.

Ku gwada a aji. Ku rubuta sunanku da jar maka (alƙalamin rubutu mai kaurin baki) wadda ba ta wankuwa a jikin farar leda. Ku rufe shi da farin ƙyallen auduga marar kauri, faɗin tafin hannu, ninki ɗaya. Ku ɗiga ruwa ɗigo 10, ku danna da yatsa. Sunan zai fito. Ku shanya, farin ya dawo.

Idan bai fito ba, yawanci ƙyallen ne ya yi kauri, ko an sa masa sitaci kamar shadda, ko kuma bai manne da ledar ba, iska ta rage a tsakani. Rubutun tawadar allo zai narke ya ɓata ƙyallen. Kada a gwada da mai, ba ya bushewa, farin ba zai dawo ba.

Manoma kuma su lura, akwai wani katin gane ko hatsi ya bushe mai suna DryCard da Jami'ar Kalifoniya ta Dabis ta ƙirƙiro. Nasa aikin na sinadari ne, gishirin kobalt mai sauya launi gwargwadon laima, ba na ramuka ba. Ana sa shi cikin kwalba da masara ko gyaɗa, a rufe gam, a duba bayan awa ɗaya. Idan katin ya nuna shuɗi, hatsi ya bushe. Ruwan hoda, da sauran laima, a mayar shanya kafin a ɗura a buhu, don kada ya yi fumfuna. Katin kansa kada ruwa ya taɓa shi, lalacewa yake yi.