Yadda Ake Yawon Yini Ɗaya a Jirgin Ƙasa Mai Tururi a Arewacin Yorkshire

In kana zaune a Ingila, ko hutu ya kai ka, ka ware yini guda don layin dogon North Yorkshire Moors. Injiniya George Stephenson ne ya tsara shi, aka buɗe a 1836, lokacin dawakai ke jan taragai. An rufe shi a 1965, masu kishinsa suka ƙi bari ya mutu, suka farfaɗo da shi a 1973, kuma har yau 'yan sa-kai ne ƙashin bayan aikin. Daga Pickering zuwa Grosmont mil 18 ne, wasu jiragen kuma na zarcewa Whitby a bakin teku.

Shawarata ita ce kada ka ƙare yinin a zaune cikin tarago. Jirgi ya hau da kai tudu, kai kuma ka sauko da ƙafarka.

Da farko ka zaɓi rana. Jiragen sun fi zirga-zirga daga ƙarshen sanyi zuwa Oktoba, amma Agusta ya fi, don lokacin ne ciyawar tsaunukan ke fure, daji ya koma shunayya iyakar ganinka. Duba jadawalinsu a intanet ka tabbatar jirgin da za ka hau mai kwal ne, domin wani lokaci kan dizal ke ja, musamman in fari ya sa ana tsoron gobara. Ka sayi tikiti tun kafin ranar.

Sai kaya: takalmi mai riƙe ƙasa, rigar ruwa ko da gari ya waye tas, ruwan sha, guzuri, da ƙaramar darduma. Babu masallaci a ƙauyukan nan, kuma Azahar a hanya za ta same ka.

Ka fara daga Grosmont, mutanen wurin ba sa furta "s" ɗin. Jirgin zamani daga Middlesbrough na tsayawa nan, sai dai ba su da yawa a yini, don haka ka rubuta lokacin na ƙarshe. Ka iso da wuri ka tsaya kusa da kan jirgin. Za ka ga mai zuba kwal fuskarsa baƙi ƙirin, yana cilla shebur cikin wuta, tururi na feshi ta gefen ƙafafun ƙarfe. Duk wanda kakansa ya ba shi labarin jirgin da ya iso Kano a 1911, to ga danginsa nan da rai.

Hau zuwa Goathland. Tafiyar ba ta kai rabin awa ba, amma hawan tudu ce mai tsanani: kowane taku 49 layin na ɗagawa taku ɗaya. Zauna gefen taga ka saurari yadda injin ke haki, yana tari da ƙarfi tsakanin itatuwa. Kada ka leƙa da kai, burbushin kwal na faɗawa ido.

A Goathland, tashar da aka ɗauki wani ɓangare na fim ɗin Harry Potter na farko, tumaki na kiwo tsakiyar ƙauye ba makiyayi. Mai ƙarfi zai iya ratsewa zuwa Mallyan Spout, inda ruwa ke zubowa daga tsayin kamar mita 21. Duwatsun wurin na da santsi, ban so a kai ƙananan yara bayan ruwan sama.

Daga nan ka kama hanyar ƙafa da ake kira Rail Trail, mil uku da rabi zuwa Grosmont. Tsohon layin Stephenson ne. Gangaren farko zuwa ƙauyen Beck Hole shi ne wanda a da ake jan taragai da igiya, kafin a kauce masa a 1865. Daga nan hanya ta miƙe a gefen rafi. Duk ƙofar shingen da ka buɗe ka rufe ta, saboda dabbobin manoma. Za ka haɗu da masu karnuka da yawa, ka ba su hanya, in an gaishe ka ka amsa.

Dab da Grosmont akwai rumfar gyaran injuna. Leƙa ka ga ana wanke tukunyar tururi, sannan ka bi ta tsohon ramin da aka haƙa don taragan dawakai, ya fitar da kai daidai bakin tasha.