Ga ƙannena masu zuwa karatu Kumasi

Ranar da na sauka Kumasi ta ƙasar Ghana, ban gama sauke jakata daga mota ba na ji wani yana cewa, "Malam, ina za ka?" Da Hausa. Na zo da fargabar baƙon da bai san kowa ba, sai ga shi kafin magariba an raka ni unguwar Aboabo, na yi salla, na ci tuwo, an ba ni wurin kwana. Kai ma haka za a yi maka, in sha Allah. Zangon Kumasi ba ya barin baƙo a titi, kuma wannan ɗabi'a ta samo asali tun zamanin da fatakenmu ke bin hanyar Gwanja, suna kai kanwa da tufafi Salaga, suna dawowa da goron dazukan Asante. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 mutane suka watse, daga baya wasu suka gangaro Kumasi, jikokinsu ne za ka tarar a Aboabo da Asawase da Alabar.

To, a cikin wannan daɗin ne tarkon yake, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Watannina huɗu na farko a jami'ar Kwame Nkrumah, wadda kowa a gari ke kira Tek, hanyata uku ce: aji, masallaci, zangon Ayigya. Da wanda na ci abinci Bahaushe ne, da wanda na yi hira Bahaushe ne. Ranar da malami ya ce a rarrabu rukuni-rukuni don aikin ɗakin gwaji, kowa ya kira nasa, aka bar ni tsaye. Ba ƙiyayya ba ce. Ba su san ni ba, domin ban taɓa ba su damar su san ni ba. Wasu ma sun ɗauka girman kai ne ya hana ni magana, alhali kunya ce.

Ka san inda ka zo. An buɗe makarantar a 1952 a matsayin kwalejin fasaha, ta zama jami'a a 1961, kuma uban jami'ar shi ne Asantehene kansa, wato sarkin Asante, Otumfuo Osei Tutu na Biyu. A aji ɗaya za ka zauna da Asante da Fante da Ewe da Ga da Dagomba, ga 'yan Najeriya da na ƙasashen da ke jin Faransanci. Ɗan Tamale da ke gefenka shi ma baƙo ne a Kumasi, shi ma yana kewar gida, shi ma Twi, harshen Asante, yana ba shi wuya. Da na gane haka sai nauyin da ke ƙirjina ya ragu.

Ƙofar shiga ita ce gaisuwa, kuma a nan mu Hausawa muna da jari, don an raine mu a kanta. Asante ma haka suke: wanda ya wuce mutane bai gaishe su ba, ba shi da tarbiyya a idonsu. Akwai wata dattijuwa mai sayar da burodi da ƙwai a bakin gidan da na kama ɗaki a Ayeduase. Na yi makonni ina miƙa mata kuɗi, ina karɓar burodi, ba uffan. Abokin ɗakina ya koya min in ce "maakye" da safe, "maaha" da rana, "maadwo" da yamma, in kuwa ita ta fara gaishe ni in amsa da "yaa ɛna", yadda ake amsa wa uwa. Ranar da na gwada, ta ajiye wuƙar da ke hannunta ta dube ni, ta tambaye ni ranar da aka haife ni. Na ce Juma'a. Ta ce to sunanka Kofi. Na ce a garinmu Ɗanjuma ake cewa. Ta yi ta maimaita sunan tana murna, ta kira maƙwabciyarta ta gaya mata cewa ashe mutanen nan ma suna da sunan rana. Daga ranar na zama ɗanta. Da zazzaɓi ya kwantar da ni, ita ce ta fara lura ban fito ba, ta aiko a duba ni.

Ka riƙe wannan, zai buɗe maka hira da kowa: Kwame shi ne Ɗan'asabe, Akosua ita ce Ladi, Yaw shi ne Ɗanlami. Ka haɗa da "medaase" wato na gode, da "mepa wo kyɛw" in za ka roƙi wani abu. Hannun hagu kuwa, kamar gida ne, ba a ba da abu da shi. In ka shiga taro za ka gaisa da mutane, daga dama ake farawa.

Maganar addini ita ce ta fi damun iyaye, bari in tsaya a kanta. Ƙidayar 2021 ta nuna Kiristoci sun kai kashi 71 cikin ɗari a Ghana, Musulmi kuma kusan kashi 20. Wanda ya taso Kano ko Zinder bai saba zama a cikin marasa rinjaye ba. Za ka ji wa'azi a cikin tirotiro, wato motar haya, za ka ji waƙar coci da sassafe. Abokin ɗakina Kirista ne, yana tashi addu'a kusan lokacin da nake tashi asuba, kuma da murya yake yi. Na yi kwanaki ina haɗiye abin, har na ga zo mu zauna na neman zama zo mu saɓa. Sai na same shi muka yi magana a tsanake. Ya koma yin addu'arsa a baranda, ni kuma na daina kunna fitila a kansa. Da azumi ya zo, da kansa ya daina cin abinci a gabana, ban roƙe shi ba. Ranar Salla, wadda hutu ce a faɗin ƙasar, na kai shi Aboabo ya ci nama har ya ƙoshi. Da kakarsa ta rasu na sa baƙaƙen kaya na bi shi ƙauyensu ranar Asabar, na gaisa da dangi, na ba da gudummawar da suke kira nsawa. Abin da ya saɓa wa addinina ban shiga ba, kuma babu wanda ya matsa min. A wannan ƙasa ce babban limami Shehu Usman Nuhu Sharubutu ya halarci cocin Katolika a Accra a 2019, yana cika shekara 100, don nuna zaman lafiya.

Akwai masallaci a cikin jami'a, akwai ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta Ghana, GMSA. Ka shiga, musamman ke ƙanwata, za ki sami 'yan'uwa masu hijabi da suka riga ki sanin hanya. In darasi ya ci karo da Juma'a, ka bi ta hannun shugaban aji tun farkon zangon karatu, cikin ladabi, kada ka bari sai ranar jarrabawa. Ana sayar da naman alade a wasu wuraren cin abinci, ka tambaya kafin ka ci, ba abin kunya ba ne. Sauran abincin kuwa naka ne da aka canja wa lafazi: waakye shinkafa da wake ce, koose ƙosai ne, ga koko da tuwo. Iyaye kuma su sani, tun 2018 tsofaffin gidajen kwanan ɗalibai irin su Unity da Katanga da Africa sun zama na maza da mata, don haka a tambayi yadda aka raba ɗakuna kafin a biya.

Kuskuren da ya fi yi min ciwo a zango na yi shi. Hausar Ghana ba ta bambanta "ya" da "ta", kuma ƙ da ɗ da ɓ sun sauƙaƙa a bakinsu. Wani saurayi ya ce mahaifiyarsa "ya tafi kasuwa", na gyara masa a gaban mutane. Bayan an watse wani dattijo ya ja ni gefe ya ce, "Ɗana, wannan harshen da shi muka binne iyayenmu a ƙasar nan." Har yau ina jin nauyin maganar. Kada ka kuma ɗauka duk mai jin Hausa Bahaushe ne, akwai Mosi da Zabarmawa da Kotokoli da Wangara da Yarabawa. Su 'yan ƙasa ne, kai ne baƙo. Zancen korar baƙi daga Ghana a 1969 da korar 'yan Ghana daga Najeriya a 1983 ya taɓa gidaje da yawa a ɓangarorin biyu, kada ka mayar da shi abin barkwanci, ko da a kan jakar nan ta "Ghana Must Go" ce. Gardamar jolof ta ishe ku.

Takardu kada ka yi sakaci da su. Kwana 90 da ECOWAS ta ba ka ba su isa karatu ba, sai ka yi katin baƙi da izinin zama daga hukumar shige da fice. Ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'a zai nuna maka matakan, ka je a makon farko.

Duk bayan kwana 42, ranar Lahadi, ana yin Akwasidae a fadar Manhyia, Asantehene ya fito, sarakuna su zo gaisuwa da laimomi da tambura. Wanda ya san hawan Salla zai ga abubuwa da yawa da ya sani. Ka nemi ɗan ajinku Asante ya raka ka, ku tafi da wuri ku sami inuwa, ka bar shi ya yi maka bayanin wane ne wane. A hanyar dawowa ku tsaya Alabar, kai kuma ka saya masa tsire.